Harajin Kujerun Cikin Madubi

Shekara ashirin da uku mai aski ya yi a shagonsa na bakin titi, tsakanin tela da mai sayar da batir, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa zuwa bayan ƙarfe bakwai na safe ya tarar da ƙofar a rufe. Mutum ne mai tsoron makara kamar yadda wasu ke tsoron maciji. Kuɗin haya ma tun saura kwana uku wata ya mutu yake kai wa mai shagon, har mutumin ya taɓa roƙonsa ya riƙa bari sai wata ya cika, wai kuɗin suna ƙarewa kafin lokacinsu.

Kujera biyu ce a shagon, tasa a dama, ta ƙanensa a hagu. Ƙanen nan shi ne autan ɗakinsu, kowa Auta yake ce masa ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ban da kujerun sai benci na masu jira, da kanta mai ɗauke da kilifa uku, almakashi, reza, hoda da kwalbar sifirit.

A shekarar da abin ya faru wani otal ya rufe, aka yi gwanjon kayansa, mai aski ya sayo madubin ɗakin cin abincin. Madubi ne ƙato, tun daga ƙasa har kusa da rufi, ya cinye bangon da ke kallon ƙofa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Shagon da a da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi, sai ga shi ya koma kamar falo.

Bayan mako shida mai ƙiyasin haraji ya zo. Sabon takalmi ne a ƙafarsa, ga gashi a ƙasa ba a share ba, don haka bai shiga ba. A bakin ƙofa ya tsaya, tabaransa a saman goshi, ya nuna da biro yana motsa leɓe.

"Sannunku da aiki, ku huɗun," ya ce.

Mai aski ya ɗauka raha ce, ya yi dariya. Auta ma ya ɗaga masa almakashi, na cikin madubin ya ɗaga nasa. Mutumin ya rubuta abin da zai rubuta ya wuce shagon tela.

Takarda ta zo bayan mako uku. Shago mai kujera biyu ƙaramin shago ne, dubu goma sha biyu yake biya a shekara, abin da mai aski ya saba biya ke nan. Wannan takardar kuwa ta ce kujerunsa huɗu, ma'aikata huɗu, babban shago ne, dubu sittin. A ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa in kwana talatin suka wuce ba a biya ba, tarar makara za ta fara hawa, kashi biyar cikin ɗari kowane wata.

Washegari da sassafe ya sa dubu goma sha biyu a ambulan ya tafi ofishin haraji. Ya karɓi 'yar takardar layi, ya zauna, aka kira lambarsa a taga ta uku. Matar da ke karɓar kuɗi ta danna kwamfuta, ta ƙirga kuɗinsa, ta turo masa abinsa ta ƙarƙashin gilashi.

"Sittin na gani a nan, malam."

"Kuskure ne, ranki ya daɗe. Kujerata biyu. Sauran biyun a cikin madubi suke."

"Ko a cikin rijiya suke, sittin na gani. Kwamfuta ba ta karɓar guntun kuɗi. Ka je taga ta bakwai, wajen ƙorafi."

A taga ta bakwai wani dattijo mai sanyin murya ya saurare shi har ƙarshe, ya ce lallai an yi masa ba daidai ba, ya ba shi fom. Ya ce ana duba ƙorafi cikin kwana casa'in.

"Ita kuma tarar bayan kwana talatin take farawa," in ji mai aski.

"Haka ne."

"Ba za ta jira ku gama dubawa ba?"

"Ai ba ofishinmu ɗaya da ita ba."

"To in na biya sittin ɗin, in kun gano kuskure ku mayar mini fa?"

"In ka biya ka amince ke nan. Wanda ya amince ba shi da ƙorafi."

"In ban biya ba?"

"Ka makara," dattijon ya ce cikin tausayi, ya miƙa masa biro.

Kalmar nan ta fi dubu sittin ɗin ci masa rai. Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta karanta takardar sau biyu ta ajiye.

"Baban yara, shari'a da hukuma ba wasa ba ce. Mu ci bashi mu biya, mu huta."

"In na biya na yarda ina da ma'aikata huɗu. Baɗi ma su huɗun za a rubuta. Sai in yi ta ciyar da mutum biyu da ban taɓa jin muryarsu ba?"

Ta ga ba zai tanƙwaru ba. Ta ce to tunda haka ne, duk farkon wata ya ɗauki ambulan ɗinsa ya kai taga ta uku, in an ƙi karɓa ya dawo mata da 'yar takardar layin. Ta samo gwangwanin madara ta riƙa tara su.

A wata na huɗu ofishin haraji ya aiko wani jami'i ya sake dubawa. Wannan mutumin kirki ne. Ya shiga har ciki, ya ƙwanƙwasa madubin da yatsa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zauna aka yi masa gyaran fuska, ya biya, sannan a gaban mai aski ya rubuta rahotonsa, layi ɗaya tak: "Na je shagon, na ga kujera biyu." Mai aski ya raka shi har titi yana ta godiya.

Da rahoton ya isa ofis, akawu ya buɗe fayil ya ga huɗu, ya duba sabuwar takarda ya ga an ga biyu, ya haɗa. Sabuwar takardar da ta zo ta ce kujera shida, dubu casa'in, kuma an sake lissafin tarar tun daga watan farko, tunda ashe shidan ne tun asali.

Auta ya duba takardar, ya dubi madubin. "Yaya, kar ka sake yin wani ƙorafin. In suka ƙara zuwa sau biyu mun zama kamfani."

A cikin masu zuwa aski akwai wani lauya da ake ce wa Sanƙo. Gashin kansa bai wuce wasu 'yan tsiraru a bayan kunne ba, amma duk Asabar sai ya zo, ya zauna, an yafa masa mayafi, ya ce a rage kaɗan kawai. Ranar da ya ji labarin ya ce a bar masa, kotun haraji za su je. Ladansa kuwa aski kyauta har iyakar rayuwa. Mai aski ya dubi kan, ya ga ba asara, ya yarda.

Zaman farko mai shari'a ta tafi taro. Zama na biyu fayil ya ɓata, aka same shi bayan mako biyar a ƙarƙashin ƙafar wani tebur mai rawa. Duk wata sai takardar tara ta zo, ita ba ta taɓa ɓata hanya. Mai aski ya rame, wandonsa ya fara neman sabon rami a bel.

A zama na uku aka saurare su. Mai shari'a mace ce mai ɗan jiki, ba ta ɗaga murya, tana rubutu da hannun hagu. Sanƙo ya miƙa hotunan shagon. Lauyan haraji, wani dogo mai tsayayyen gashin baki, ya miƙe ya ce bai yarda ba. Ya ce ana gardama ne a kan ko abin da ido ya gani gaskiya ne ko hoto ne, yanzu kuma an kawo wani hoton a ce shi zai raba gardama. A cikin hoton ma, in ji shi, kujera huɗu yake gani.

Mai shari'a ta duba hoton ta ce ita ma huɗu take gani. Ta ba da umarni a kawo kujerun da madubin gaban kotu, gani ya kori ji.

Mutum shida suka ɗauko madubin, aka kwantar da shi a kan katifa a bayan motar ɗaukar kaya, mai aski na zaune a gefensa yana roƙon direba a kan kowane rami. A kotu aka jingina shi da bango, aka jera kujerun biyu a gabansa. Nan take ɗakin ya ninka, mai shari'a biyu, 'yan sanda huɗu, 'yan kallo kowa yana gyara wuyan riga.

Aka kira mai ƙiyasin farko ya yi rantsuwa. Yau tabaransa a ido suke. Sanƙo ya tambaye shi kujera nawa ya gani a ranar, ya ce huɗu. Yanzu fa? Ya dubi lauyan haraji, ya ce huɗu ake gani.

"To madalla," in ji mai shari'a. "Je ka zauna a ta ukun."

Mutumin ya taka a hankali, ya wuce ta farko, ya wuce ta biyu, ya tsaya hancinsa na kusa da taɓa hancin ɗan'uwansa na ciki. Numfashinsa ya yi tabo a gilashin.

"Akwai mutum a hanya, ya mai shari'a," ya ce.

Sai da ɗan sanda ya buga tebur sau uku kafin dariya ta lafa. Mai shari'a ta yanke cewa kujerun mai aski biyu ne, ta soke huɗun, ta soke shidan. Mai aski ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Har ya fara naɗe hannun riga zai ɗauki kujerarsa, sai lauyan haraji ya sake miƙewa.

"Saura tara, ya mai shari'a. Wata goma sha ɗaya."

"Tarar me, bayan na soke harajin?"

"Ai tarar ba a kan kujera take ba, a kan makara take. Kujerun na cikin madubi ne, mun yarda. Amma watannin ba na cikin madubi ba ne, kowa a nan ya rayu a cikinsu. An ce ya biya ranar kaza, bai biya ba. Ko kuɗin daidai ne ko ba daidai ba, wannan wata magana ce, makara dai an yi ta."

Sanƙo ya yi wuf ya ɗauko gwangwanin madara, ya zazzage takardun layi goma sha ɗaya a kan tebur. Ya ce ga shaida, duk wata mutumin nan yana kai kuɗinsa ana korarsa.

Lauyan haraji ya ɗauki ɗaya ya duba, ya yi murmushi. "Na gode wa abokin aikina. Wannan ya nuna sau goma sha ɗaya yana zuwa har bakin taga, da kuɗi a aljihu, yana komawa gida da su. Wanda ya manta ma ana cin sa tara, balle wanda yake sane."

Mai shari'a ta ajiye biro, ta murza ido. Ta ce wannan batu ne na doka mai buƙatar nazari, kowane ɓangare ya rubuto hujjarsa, ta ɗage zama zuwa wata huɗu. Kujeru da madubi kuwa sun zama kayan shaida, ba za su fita ba sai an rufe shari'a.

A waje Sanƙo ya dafa kafaɗar mai aski. "Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kai ka fi ni sani."

"Tarar za ta tsaya kafin wata huɗun?"

"Ita ba ta zuwa hutu."

Shagon ya koma fayau, bango da ramukan ƙusa. Suka riƙa zaunar da mutane a benci, mai aski ya sunkuya har bayansa ya fara ciwo, in an gama ya miƙa wa mutum ɗan madubin jakar matarsa ya duba kansa gutsure-gutsure. Masu zuwa suka fara raguwa. Mutum zai yafe maka abubuwa da yawa, amma ba zai daɗe yana ba ka ƙeyarsa ba in ba ya ganin abin da hannunka ke yi.

Bayan mako biyu mai aski ya je wurin magatakardan kotu ya roƙi ko kujera ɗaya. Magatakardan ya ce ko ƙusa ba za ta fita ba. Abin da doka ta yarda shi ne mai kaya ya riƙa zuwa yana duba lafiyar kayansa, kada su lalace. Ya ɗauko mabuɗi ya kai shi ɗakin ajiyar kayan shaida, a bayan ginin.

Ɗaki ne babba mai taga biyu. Akwai babura guda tara da tayoyinsu suka sace, buhunan siminti da suka zama dutse, firji, ƙofar wani gida ita kaɗai, da wata akuya da ake shari'a a kanta shekara biyu, har ta haihu a hannun hukuma. Can gefen taga madubinsa ne a jingine, kujerunsa a gabansa, an rataya wa kowace lamba a wuya. Mai aski ya ciro tawul ya goge ƙurar, ya juya kujerar dama ya ji tana ƙara, ya ce rashin zama ne, kujerar aski in ba a zama a kanta tsatsa take yi.

Magatakardan ya zauna don a gwada. Ya ga kansa a madubi, ya shafa sumarsa da ta yi buzu-buzu, ya ce da rana yana da taro da manya.

"Kilifa tana jaka," in ji mai aski. Bai taɓa fita ba tare da ita ba.

Kafin mako ya zagayo Auta ma ya biyo shi can da tasa kilifar. A littafin mai gadi ana rubuta "duba lafiyar kayan shaida", ƙarfe bakwai zuwa huɗu. Lauyoyi suka fara zuwa kafin a shiga zama. 'Yan sanda suka biyo. Sai waɗanda ake tuhuma, don kowa ya san mai tsabtataccen kai ya fi kama da marar laifi, wasu ma da ankwa a hannu ake kawo su, ɗan sanda na tsaye yana ba da shawarar a ƙara rage gefe. Masu jira suna zama a kan babura. Akuyar ta saba da ƙarar kilifa, in an yi shiru ita ke tambaya. Abin da suke samu a rana ya ninka na shago, amma mai aski bai yi ƙiba ba, don duk farkon wata takardar tara na nan tafe, kuma duk farkon wata yana nan a taga ta uku.

Wata safiya sai ga lauyan haraji ya shigo ya zauna a kujerar dama, ya ce a gyara masa gemu da reza. Mai aski ya yafa masa mayafi, ya shafa kumfa, ya sa sabuwar reza. Ɗakin ya yi tsit, Auta ya kashe kilifarsa. Mai aski ya ɗaga haɓar mutumin da yatsa biyu, ya fara daga maƙogwaro.

"Ka san ba ni da komai da kai," lauyan ya ce, leɓensa kaɗai ke motsi.

"Kar ka yi magana, ranka ya daɗe, rezar sabuwa ce."

Da aka wuce maƙogwaro lauyan ya ci gaba. Ya ce shi ma ya san maganar ba ta da kai. Amma in ya janye, za a ce shi ya yafe kuɗin hukuma, a cire a albashinsa. In kotu ce ta kayar da shi, ba ruwan kowa. Don haka yana roƙon Allah a kayar da shi, kuma zai yi iya ƙoƙarinsa kada a kayar da shi.

Mai aski ya goge masa fuska, ya shafa sifirit, ya ɗan ƙara fiye da yadda ya saba. Lauyan ya runtse ido, ya biya, ya bar canji.

Ana haka shekara ta zagayo, lokacin sabon ƙiyasi ya yi. Mai ƙiyasin nan na farko ya je shagon bakin titi ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya leƙa ta taga bai ga kujera ko ɗaya ba, ya rubuta cewa shago ya rufe. Tela ya gaya masa inda suka koma. Ya bi su har kotu, wannan karon ya shiga ciki, ya taɓa kowace kujera da hannu, ya ƙwanƙwasa madubin, ya rubuta biyu da manyan haruffa. Sannan ya tambayi mai gadi ginin na wane ne, don doka ta ce sana'ar da aka samu a wuri ba rajista, mai wurin ne zai amsa. Mai gadi ya ce na kotu ne.

A ofis akawu ya buɗe fayil. Hukuncin mai shari'a bai shiga kwamfuta ba, tunda ba a rufe shari'ar ba, don haka shida ya gani. Ya duba sabon rahoto ya ga biyu. Bayan mako uku magatakarda ya karɓi takarda da sunan kotun haraji, shagon aski mai kujera takwas, dubu ɗari da ashirin, da tarar rashin rajista, da tarar makara in an wuce kwana talatin.

Magatakardan ya sa kwat ya tafi da kansa. Mai aski, da yake farkon wata ne, yana bayansa a layi da mutum biyu, ya ji komai. Taga ta uku ta ce ko fadar waye, abin da ta gani ke nan. Taga ta bakwai ta ba shi fom cikin tausayi, ta ce kwana casa'in. Magatakardan ya fito yana gumi, ya ga mai aski a layi.

"Ka riƙe 'yar takardar layin, ranka ya daɗe," in ji mai aski. "Tana da amfani, ko da yake ban san ga wa ba."

Wanzami ba ya son jarfa. Shari'ar da aka ɗage zuwa wata huɗu, aka sake ɗagewa zuwa wata uku, sai ga ta a saman jerin ranar Litinin. Mai shari'a ta shigo da hukuncinta a rubuce, shafi biyu. Ta ce tara reshe ce, haraji shi ne kututture, in an sare kututture ba reshen da zai ci gaba da tsayuwa a sama shi kaɗai. Ta ce ba a cewa mutum ya makara a tashar da ba mota. Ta ce wanda ya kawo kuɗin da ke kansa aka ƙi karɓa, in akwai makara to a bayan gilashi take. Ta soke tarar gaba ɗaya, ta umarci ofishin haraji ya karɓi dubu goma sha biyun mutumin nan. Lauyan haraji ya miƙe ya ce bai ji daɗin hukuncin ba, ya zauna fuskarsa fes kamar wanda aka yi wa albishir.

Mai aski bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ya karɓi takardar hukunci mai hatimi, ya wuce taga ta uku. Matar ta karanta, ta danna kwamfuta, ta daɗe tana kallo.

"Shagon nan a rufe yake, malam. Ba a karɓar haraji daga rufaffen shago."

"Gobe zan buɗe."

"To sabon shago ke nan. Sabon shago ba ya biyan komai a shekarar farko." Ta turo masa ambulan ɗin ta ƙarƙashin gilashi. "Na gaba."

Ya koma wurin Sanƙo hankali a tashe, ya ce a koma kotu a tilasta musu su karɓa. Sanƙo ya ce a shekara talatin na aikinsa ba a taɓa kawo masa irin wannan ƙarar ba, kuma ba da shi za a fara ba. A gida matarsa ta saurare shi, ta zare ambulan ɗin daga hannunsa, ta ce in dai karɓa ce matsalar, ita ta karɓa. Da kuɗin aka sayo ƙananan madubai biyu da sabon kwaɗo, ragowar ta ce kada ya tambaya.

Kujerun an sake su a wannan makon. Madubin kuwa bai fito ba, don kotun haraji ta kai ofishin haraji ƙara a babbar kotu a kan kujeru takwas, kuma madubin ne babban shaidarta. An ba mai aski rasit, an ce ya riƙa zuwa duba lafiyarsa.

Ranar da za su kwashe kujerun, Auta ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yaya, akwai magana."

"Ina ji."

"Nan akwai kai. Kullum sababbi ake kawowa. Na yi magana da mai shayin bakin ƙofar kotu, zai ba ni gefen rumfarsa."

Mai aski ya dubi kujerar hagu. Shekara goma sha tara suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, shi ya koya masa riƙon almakashi, shi ya biya kuɗin maganin kunnen mutum na farko da Auta ya yanka. Ya so ya ce wani abu a kan zumunci, sai ya ga gemun ƙanen nasa da furfurar da ke ciki, ya fasa.

"Ɗauki ta hagun, ita ka saba da ita. Da kilifa biyu, ka bar mini tsohuwar." Ya ciro ɗaya daga cikin sababbin madubai ya miƙa masa. "Kuma ka daina danna kan mutum da ƙarfi, ba kabewa ba ce."

Tare suka ɗauki kujerar zuwa rumfar mai shayi, suka yi ta juya ta har suka sami inda rana ba za ta doki idon mai zama ba. Kafin su gama daidaita ƙafafunta wani ɗan sanda ya riga ya tsaya da mutum a hannu.

Mai aski ya koma shago da kujera ɗaya a bayan mota. Ya share, ya kafa ɗan madubin a tsakiyar bango, ya jawo bencin kusa don wurin ya rage faɗi. Tela ne ya fara shigowa, ya zauna, ya kalli madubin, ya karkata hagu, ya karkata dama.

"Wannan ai kunne ɗaya kawai nake gani."

"Ɗayan yana nan, ni ina ganinsa," in ji mai aski. Ya yafa masa mayafi, ya kunna tsohuwar kilifa, ta yi tari sau biyu ta kama.